Bokitai a Allo, Iska a Sito

A kamfanin bokitin roba da ke ƙarshen layin masana'antu akwai wani mutum da ma'aikata suka laƙaba wa suna Ni-Na-Sani, kuma ba su zalunce shi ba. Ko hadari ka nuna masa ka ce yau za a yi ruwa, sai ya ce ai shi ya sani, tun jiya ya faɗa, kunnenka ne bai ɗauka ba. Kamfanin na yayarsa ne, wadda kowa ke kira Yaya, har waɗanda suka girme ta. Da tsohon inji ɗaya ta fara, ta raini kamfanin kamar yadda ta raini ƙanin nata bayan rasuwar iyayensu. Kamfanin ya yi albarka. Ƙanin kuwa, to, ya dai yi tsawo ya ajiye tumbi.

Babu inda ba ta gwada shi ba. Ta ba shi tuƙin motar kai kaya, ya shigar da ita cikin katangar maƙwabta ya ce birki ne bai san aikinsa ba. Ta sa shi karɓar baƙi, ya kori babban dillalinsu don ya gan shi da silifa. Daga ƙarshe ta zaunar da shi a teburin manna tambarin kamfani a jikin bokitai, inda ɓarnar da zai iya yi ba ta wuce tambari ya fito a karkace ba, kuma yana fitowa.

Ana nan sai gwiwar Yaya ta matsa mata. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma sai ta kwanta 'yan watanni a gidan 'yarta a wani gari. Ba don tana so ba ta kira ƙanin nata ofis, ta ajiye mabuɗi a kan tebur amma ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba. Ta gaya masa cewa babban kamfanin fenti, wanda ta yi shekaru tana bibiya, ya yarda zai turo shugabar sayen kayansa ta duba su idan ta dawo. In ta samu kamfanin a tsaye, masu fenti kuma suka amince, ofis ya zama nasa, ita ta huta. In ta samu akasin haka, ko gam ɗin manna tambari ba zai ƙara taɓawa ba.

"Abu ɗaya nake roƙon ka," in ji ta. "Kada ka yi komai."

"Haba Yaya, ai ni na sani."

"Shi nake tsoro."

Ƙurar motarta ba ta gama kwantawa ba gogan naka ya ɗinko kwat. A satin ne kuma aka yi wani taro a otal kan yadda manyan masana'antu ke ƙirƙiro sababbin dabaru ta hanyar haɗa kai da juna da kuma amfani da na'urorin zamani. Ya je ne don ya ji ana raba jaka kyauta. Sanyin ɗakin taron ya ɗauke shi, ya sha barcinsa har da minshari, bai farka ba sai da ake tafin rufewa. Duk da haka ya tsinto kalmomi uku daga bakin mai jawabin ƙarshe: ƙirƙira, haɗin gwiwa, zamanantarwa. Ya dawo da su tare da jakar da katin shiga taron rataye a wuya, wanda bai ƙara cirewa ba ko a gida.

Washegari ya tara ma'aikata a tsakar kamfani, ya hau kan buhun ƙwayar roba, ya shaida musu cewa shekara da shekaru suna cikin duhu. A ƙasashen da suka ci gaba, in ji shi, ba a ƙirga kaya da hannu, ba a leƙa sito, ba a aiken mutum wurin maƙwabci. Na'ura ce ke magana da na'ura, mutum kuma ya zauna ya yi tunani. Wani ya tambaye shi wace ƙasa ya taɓa zuwa, ya ce wannan tambaya ita kanta alamar duhun ce.

Ya kirawo mai sayar da na'urori. Aka liƙa kyamara a saman ƙofar sito, wadda duk bokitin da ya shige ta ƙarƙashinta za ta ƙirga shi ta tura adadin zuwa allo da wayoyi. Mai na'urorin ya ce ana haɗa ta da ta biyu, mai ƙirga abin da ya fita. Ni-Na-Sani ya ce ya sani, amma shi abin da ke shiga ne ya dame shi, gara a bar ta biyun a ƙara masa girman allo. Aka kawo allo mai faɗin ƙofar gareji, aka kafa a bango.

Saura haɗin gwiwa. Ya zagaya wurin maƙwabta biyu da kamfanin ke hulɗa da su. Na farko Mai Mariƙi, wanda masana'antarsa ke lanƙwasa wayar ƙarfe ta yi mariƙin bokiti. Na biyu Mai Motoci, mai manyan motocin dakon kaya. Ya sa musu manhajar kyamarar a wayoyinsu, ya kuma aika wa kamfanin fenti da ita. Tsarin, a faɗarsa, mai sauƙi ne: duk adadin da Mai Mariƙi ya gani a waya, ya aiko da mariƙai daidai da shi ba sai an tambaye shi ba, Mai Motoci kuma ya tanadi motocin da za su kwashe wannan adadi ranar da masu fenti za su zo. A kamfanin nan dama ba a sa wa bokiti mariƙi sai ranar lodi, don bokiti tsirara ya fi shigewa cikin ɗan'uwansa a jera su sama. Maƙwabtan suka ga ciniki ne ya zo har gida, suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka yi masa kirari da Injiniya. Ya karɓa bai ko yi kara ba.

Ranar buɗe na'urar shi da kansa ya yi gwaji a gaban kowa. Ya ɗauki jan bokiti ya shiga sito, allo ya nuna ɗaya. Aka yi tafi. Tafin ya yi masa daɗi, ya fito da bokitin ya sake shiga, allo ya nuna biyu. Ya sake, ya sake, yana shiga yana fita yana ɗaga bokitin sama, har sai da numfashi ya gagare shi. Sannan ya sanar da gasa: tsakanin rukunin safe da rukunin yamma, duk wanda ya fi tara adadi a sati zai sami hutun yini guda, kuma a haska hotonsu a allo a matsayin Gwarazan Ƙirƙira.

Daga gefe, a kan benci, Mai Sito na kallo. Dattijo ne da bai taɓa yin gumi da gangan ba. Aikinsa a da shi ne ya ja layi da alli a bango duk lokacin da jerin bokitai ya shiga ko ya fita, kuma ko wannan ɗin yana yin sa ne don tsoron idon Yaya. Yanzu an karɓe allin, an yi wa bangon fenti, an kuma naɗa shi Jami'in Ƙirƙira. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ya dubi jan bokitin da ya zama goma sha wani abu a allo, ya dubi tagar bayan sito da ke buɗewa cikin lungu, ya gyara zama.

Ɗakin injina kuwa, duk wanda ya taɓa shiga ya san ba wurin hira ba ne. Roba ake narkarwa, zafi na dukan fuska, wari na shiga maƙogwaro. Saboda haka da Mai Sito ya raɗa wa rukunin safe cewa akwai hanyar cin gasa ba tare da an ƙone yatsa ba, ba su nemi dogon bayani ba. Mutum ya ɗauko jerin bokitai ya shige ta ƙofa, kyamara ta ƙirga, ya miƙa su ta taga ga wanda ke lungu, wannan ya zagayo da su ya sake shigewa. Da farko ɗan ƙari suke yi a kan aikin gaskiya. Rukunin yamma suka ga adadin ya wuce hankali, suka yi bincike, suka gano, su ma suka ɗora. Sati bai zagayo ba rukunan biyu suka zauna suka sasanta: wannan satin ku ci, sati mai zuwa mu ci. Tun da aka kafa kamfanin ba a taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba.

Injina suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don hannun da zai kula da su yana lungu. Ƙananan 'yan kasuwa kuma ba su daina zuwa sayen bokiti ba, suna fita da shi ta ƙofar da kyamara ba ruwanta da mai fita. Sito yana ramewa, allo yana ƙiba.

Shi kuwa manaja ya daina zuwa aiki, don ya ce shugaban zamani daga gida yake tafiyar da masana'anta. Yana kwance a doguwar kujerar falo daga shi sai singileti da katin taro, waya a kan tumbi, duk sanda adadi ya ƙaru sai ya yi gyaran murya. Matarsa ta sha kallo har ta gaji. Ran nan ta shigo da bokitin wankinta da ya tsage a gindi, ta dangwarar a gabansa.

"Maigida, cikin dubban nan da ke wayarka, a sammin ɗaya mana."

"Ke ba ki san tsari ba. Duk an yi wa masu fenti alkawarinsu."

"Ka je ka gan su da idonka?"

"Ido kuma? Ido ai kayan da ne."

"Na ji ana cewa gani ya kori ji."

"Yanzu allo ya kori gani."

Ta ce to Allah ya sa allon ya iya tarar ruwa, ta ɗauki tsagaggen bokitinta ta liƙe shi da leda.

A layin masana'antu kuwa mariƙai sun fara zuwa. Mai Mariƙi ya ga adadi na hawa, ya ɗebi sababbin ma'aikata, ya sayo wayar ƙarfe tirela guda, ya hana kowa hutu. Aka cika ɗakin ajiya da mariƙai, aka cika bayan ofis, aka cika inda ma'aikata ke ajiye kekuna. Da wurin ajiya ya ƙare sai direban Mai Mariƙi ya riƙa juye su a bakin ƙofar kamfanin Yaya, tsibin ya gangaro har rabin titi. Mariƙi kuma abu ne mai ƙugiya a kowane baki, in ya kama ɗan'uwansa ba ya saki. Ya kama rigar mai wucewa, ya kama ƙafar akuya, ya huda tayar motar gidan burodin da ke kallon su. Mai gidan burodin ya zo ya yi ta faɗa da maigadi. Mai faci na bakin layi ne kaɗai ke sa wa sabon manaja albarka, har ya ƙaro benci.

Da ƙorafi ya yi yawa, dole gogan naka ya sa kwat ya leƙo. Mai Sito na da ɗan leƙen asiri a bakin titi, saboda haka kafin ya tsallake tsibin an tayar da inji ɗaya yana ruri, an rufe tagar baya, kowa ya shafa ruwa a goshi. Bai shiga ko'ina ba, ya tsaya gaban allo ya harɗe hannu a baya. Nan Mai Mariƙi ya same shi. Shi ma ba wani mai zurfin tunani ba ne, haɗama ce ta kawo shi, yana so ya ji ko ya ƙara sayo waya. Amma ko makaho ya san girman ɗaki in ya zagaya shi.

"Injiniya, wai ina kuke zuba bokitan nan? Siton nan bai fi shagona ba."

"Bokiti cikin bokiti yake shiga. Kimiyya ce."

"Ko cikin juna suke shiga ai ya kamata su huda rufi."

"Ka yi karatun masana'antu ne?"

"Ban yi ba. Amma kwana biyu ban ga hayaƙin janaretonku ba."

Ni-Na-Sani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai nan gizo ke saƙar. Kaya sun ninka, man janareto ya ragu, wannan shi ake kira ƙirƙira. Maganar ta yi masa daɗi a baki har ya sa aka rubuta ta a ƙasan allo. Ya umarci maigadi ya kori ƙananan 'yan kasuwa daga ranar, don kamfani ya wuce ajinsu. Korar ta zo wa Mai Sito daidai, domin abin da ya rage a sito bai wuce abin zagayawa ba. Mai Mariƙi kuma ya koma ya ƙara odar waya.

Yaya ta kira shi a waya daga gadon jinya ta tambayi ko ya taɓa wani abu. Ya ce bai taɓa komai ba, gyare-gyare ne ƙanana. Sai ta faɗa masa ranar da za ta dawo, wadda ita ce ranar zuwan masu fenti.

Ya ƙudura ranar za ta shiga tarihi. Ya sa aka kafa rumfa a tsakar kamfani, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika, aka ciro allon daga bango aka kafa shi a gaban rumfa inda kowa zai gani. Ya gayyaci duk masu masana'antun layin su zo su koyi zamani, har da mai gidan burodi. Mai Motoci ya ƙi karɓar aikin kowa a satin, ya jero motocinsa kaf tun daga bakin tsibin mariƙai har kwanar babban titi, direbobi na zaune a inuwar tayoyi suna jiran lodi. Mai Sito kuma, don a fita kunyar baƙi, ya tara rukunan biyu gaba ɗaya ya ce yau gudu za a yi.

Motar Yaya ba ta iya shiga layin ba. Da ƙafa ta taka, tana dogara sanda, mariƙai na kama mata gefen zane. Ba ta ce uffan ba. Ta dubi tsibin, ta dubi motocin, ta dubi allon, ta zauna a kujerar gaba ta ɗora haɓa a kan sandar. Ni-Na-Sani ya ɗauki shirun a matsayin mamaki ne ya hana ta magana, zuciyarsa ta yi fari. A ransa har ya fara tunanin irin labulen da zai canza a ofis.

Shugabar saye ta kamfanin fenti ta iso, mace 'yar siririya mai tabarau, wadda ma'aikatanta ke kira Madam. Gogan naka ya karɓi lasifika. Ya yi bayanin duhun da ya tarar, ya yi bayanin hasken da ya kawo, ya ce manyan masana'antun duniya ba su fi shi komai ba sai yawan bene. A bayansa adadi na ta tsalle a allo, baƙi na gyaɗa kai. Ya ce duk mai tambaya ya yi, don babu abin da zai gagare shi amsawa.

Madam ta ɗaga hannu. Ta ce ta shiga masana'antun roba da dama, kuma a kowacce sai an ɗaga murya kafin a ji juna. A nan kuwa har kukan tattabarun kan rufi tana ji.

"Ina ƙarar injinku?"

"Injin zamani ba ya ƙara, ranki ya daɗe."

"Madalla. Ina so in ga wannan injin."

Ya shige gaba yana taku ɗai-ɗai, baƙi suka biyo shi. Shi ma rabonsa da ɗakin injina tun kafin ya ɗinka kwat. Da ya tura ƙofa, sanyi ne ya tare shi. A jikin inji na farko an ɗaura igiya an shanya riguna. A bakin mazurarin da ake zuba ƙwayar roba, kyanwa ce kwance da 'ya'yanta. Madam ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ta ɗago shi da ƙura. Ta leƙa tsakar kamfani ta taga, allo na nan yana ƙirga.

Duk da haka bakin gogan naka bai mutu ba. Ya ce wannan tsohon sashe ne, an bar shi don tarihi. Madam ba ta saurare shi ba, kunnenta na wani wuri. Daga bayan ginin ana jin dirin ƙafafu da haki da wani na cewa a yi sauri. Ta bi sautin, jama'a suka bi ta, Yaya na ƙarshe da sandarta.

Abin da suka tarar ya fi ƙarfin a yi masa ƙarya. Ma'aikatan kamfanin kaf, safe da yamma, sun yi layi suna sassarfa, kowa rungume da jerin bokitai. Suna shiga ƙofar sito, bokitai na fitowa ta taga, wasu na cafewa a lungu suna zagayowa. Bokitan sun sha hannu har launinsu ya koɗe, wasu sun tsage an ɗaure su da tsumma. Mai Sito na kan bencinsa yana ba da umarni da mafici. Na gaban layi ya yi ido biyu da Yaya ya ja birki, na bayansa ya buge shi, na bayan wannan ya buge shi, bokitai suka watse suna gangarawa har ƙafar baƙi. Ta ƙofar da ke buɗe kowa na iya hango cikin sito. Babu komai sai daɓe da wata tabarma.

Ni-Na-Sani ya daka wa Mai Sito tsawa ya ce wane ne ya koya musu wannan ha'inci. Dattijon ya miƙe a hankali, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka nuna mana ranar buɗewa, da jan bokiti. Mu dai faɗaɗawa muka yi."

"Gwaji na yi!"

"Mu ma ba mu gama gwajin ba. Kuma ka ce a haɗa gwiwa. Tambayi kowa, ko faɗa ba a ƙara yi ba tsakanin safe da yamma."

Mai gidan burodi ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka kama. Mai Mariƙi bai yi dariya ba, ya zauna a kan wani kifaffen bokiti, bokitin ya fashe da shi. Mai Motoci ya cire hula ya tambayi wanda zai gaya wa direbobinsa cewa iska za su ɗauka. Ba sai an gaya musu ba, labari ya riga ya kai bakin ƙofa. Suka taso, ma'aikatan Mai Mariƙi suka biyo su, tsakar kamfani ta cika da mutanen da ke son ganin Injiniya ido da ido.

Madam ta ciro wayarta, ta goge manhajar a gaban Yaya, ta ce ta yi mata fatan samun sauƙin ƙafa. Ta ce kamfaninsu ya riga ya sallami mai kawo musu bokiti na da saboda adadin da suke gani, yanzu sai ta je ta ba shi haƙuri. Ta tsallake bokitai ta tafi. Yaya ta bi ta da kallo har ta ɓace. Shekarun da ta yi tana bin wannan ciniki ne ke fita ta ƙofa, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da gwiwar. Ta gaya wa Mai Sito ya jira ta a ofis, nasa na zuwa. Sannan ta juyo ga ƙaninta ta miƙa hannu.

Ya gane abin da take nufi, amma ya gwada sa'arsa. Ya ce matsala ce ƙarama, kyamara ta biyu kawai za a ƙaro, kuma a manyan masana'antu ma ana samun irin haka a matakin farko. Hannun bai sauka ba. Ya laluba aljihun kwat ya ciro mabuɗin ya ajiye mata a tafi. Bai taɓa jin abu mai sauƙi ya yi masa nauyin rabuwa haka ba.

"Tafi gida," in ji ta.

Ya dubi hanyar ƙofa. Direbobi sun tare ta, wani ƙato a cikinsu yana naɗe hannun riga. Bayansu tsibin mariƙai, bayan tsibin motoci. Hanya ɗaya ta rage, wadda ma'aikatansa suka share masa da ƙafafunsu: ta cikin sito, ta taga, sai lungu, sai katangar baya. Ya tattare kwat, ya sunkuyar da kai, ya faɗa sito da gudu.

Kyamarar da ke saman ƙofa ta ga wani abu mai faɗi da zagaye ya shige ta ƙarƙashinta. A tsakar kamfani, a gaban baƙi da direbobi da maƙwabta, allo ya ƙara ɗaya.

Ihun dariyar ya same shi ne rabinsa a lungu rabinsa a sito, tumbi ya cije a tagar yana ta shure-shure. Daga nan ya jiyo wani na tambayar Yaya ko a kashe na'urar, tunda ta tabbata maƙaryaciya ce.

"Ku bar ta," in ji Yaya. "Yau dai ta faɗi gaskiya. Wancan da ta ƙirga nawa ne, ni na yi shi, kuma babu komai a cikinsa."